Hoton Mamogiram na Dijital Ko Sabon Mai Falle-Falle: Wanne Ya Kamata In Yi?

Maman_Hafsa_Aboabo:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin asibiti da kuma waɗanda suka taɓa shiga irin halin da nake ciki. Shekaruna 44, ina sayar da atamfa a kasuwar Kejetia da ke Kumasi, a Ghana. Yayata wadda muke uwa ɗaya uba ɗaya an same ta da sankarar mama shekara biyu da suka wuce, a lokacin tana da shekara 49, kuma har yanzu tana zuwa asibitin Komfo Anokye, wanda muke kira Ji, ana duba ta. A watan Oktoba ma'aikatan jinya suka zo Islamiyyarmu suka duba mata da hannu. Wadda ta duba ni ta ce ba ta ji wani ƙullutu ba, amma da na ba ta labarin yayata sai ta ce lallai in je a ɗauke ni hoton nono da ake kira mamogiram. Na je wata cibiya mai zaman kanta, aka ce mini hoton iri biyu ne a wurinsu: akwai na dijital wanda aka saba, akwai kuma sabo da suke kira 3D ko tomosintesis, wanda kuɗinsa ya kusa ninka na farkon. Yarinyar da ke karɓar kuɗi ba ta iya yi mini bayani ba, abin da kawai ta ce shi ne sabon ya fi gani. Kuɗin na farkon suna hannuna yanzu, na biyun kuwa sai na kwashi susu, wato adashi, nan da wata uku. In yi wanda nake da kuɗinsa, ko in jira wanda aka ce ya fi?

Hajiya_Asawase:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba yayarki lafiya, ke kuma ya tsare ki. Ni shekaruna 58, kuma sau uku ana ɗaukata irin na farkon da kika ambata. Shawarata ki je ki yi da kuɗin da ke hannunki, domin na san halinmu: kafin wata ukun nan su cika, kuɗin makarantar yara ko bikin wata 'yar'uwa zai taso, sai a wayi gari shekara ta zagayo ba ki je ba. Abin da zan gaya miki tun yanzu don kada ya zo miki a ba-zata shi ne matsewar. Za ki tsaya a gaban na'urar, ma'aikaciyar ta ɗora nononki a kan wani faranti mai sanyi, ta gyara miki tsayuwa da kafaɗa, sannan wani faifan roba ya sauko daga sama ya danne shi har ya baje. Za ta koma bayan gilashi ta ce ki riƙe numfashi, ki ji wata 'yar ƙara, sai faifan ya sake ki da kansa. Sau biyu ake yi wa kowane ɓangare, ɗaya daga sama zuwa ƙasa, ɗaya a karkace yadda zai haɗa da gefen hammata. Akwai zafi, ba zan ɓoye miki ba, amma na 'yan daƙiƙu ne, kuma daga can na wuce kasuwa na yi cefanena.

Mai_Hoto_Bantama:
Ni aikina ke nan, shekara tara ina ɗaukar mata wannan hoto. Kafin komai, Maman Hafsa, ina so ki tabbatar mana: babu ƙullutu, babu jini ko wani ruwa da ke fita ta kan nono, fatar ba ta lotsa ba kuma ba ta yi kamar ɓawon lemo ba, kan nonon bai shige ciki ba, babu kaluluwa a hammata? Ina tambaya ne saboda hoton da ake yi wa mai lafiya don bincike daban yake da wanda ake yi wa wadda ta ga alama. Wadda ta ga alama ba ta jiran susu, ba ta jiran ko mako guda.

Game da bambancin, tunda ke mai atamfa ce bari in yi misali da sana'arki. Idan kika ɗaga turmi guda a ninke kika haska shi da fitila, zanen kowane falle zai hau kan na ɗan'uwansa, har ki ga wata siffa da babu ita a jikin atamfar, ko kuma wani ɗan tabo ya ɓuya a tsakiya ba ki gan shi ba. Haka hoton dijital da aka saba yake: hasken eksire yana ratsa nonon gaba ɗaya, duk abin da ke ciki ya taru a hoto guda shimfiɗaɗɗe. A tomosintesis nonon yana nan a matse kamar yadda Hajiya ta bayyana, sai dai kan na'urar yana gewayawa ta sama yana ɗaukar ƙananan hotuna ta kusurwoyi daban-daban. Ta kamfanin Hologic tana ɗaukar 15 a faɗin digiri 15, ta GE tana ɗaukar 9 a digiri 25, ta Siemens kuma 25 a digiri 50. Daga nan kwamfuta take haɗa su ta fitar da falle-falle, kaurin kowanne kamar milimita 1, likita ya riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda kike warware turmi a gaban mai saye.

Inda wannan ya fi amfani shi ne ga mace mai cunkusasshen nono, wato wadda hanyoyin ruwan nono da tsokar da ke riƙe su suka fi kitse yawa. A hoton, kitse baƙi-baƙi yake fitowa, tsokar kuma fara, ita ma sankarar fara take fitowa. Neman ta a irin wannan nono kamar neman farin wake ne a cikin tulin auduga. Kuma ba a gane cunkusasshen nono da hannu ko da girmansa, sai an ɗauki hoto tukuna.

Maman_Hafsa_Aboabo:
Anti Mai Hoto, na gode ƙwarai, misalin atamfar ya shige ni. Babu ko ɗaya daga cikin alamun da kika lissafa, na sake dubawa a gaban madubi da daren nan.

Abu_Yusra_Bronx:
Yaya, ni ɗan Alabar ne da ke zaune a Amurka, kuma ra'ayina ya saba da na Hajiya, tare da girmamawa. A nan yawancin cibiyoyi sun koma 3D, matata ma shi ake yi mata. Hukumar da ke kula da magunguna da kayan asibiti ta Amurka ta amince da na'urar farko ta wannan iri a 2011, kuma wani babban bincike da aka buga a 2014, wanda ya duba hotuna fiye da 450,000 a cibiyoyi 13, ya nuna cewa ƙara shi a kan na dijital ya sa an gano sankara mai yaɗuwa da ƙarin kashi 41 cikin 100, sannan matan da ake sake kira don ƙarin bincike sun ragu da kashi 15 cikin 100. Tunda ba ki da alama, kuma akwai ciwon a gidanku, ni a ganina wata uku ba wani abu ba ne idan za ki sami wanda ya fi inganci.

Dakta_Tafo:
Abu Yusra, alƙaluman da ka kawo daidai ne, amma ya kamata a gaya wa 'yar'uwarmu yadda suke a ƙidayar mutane, domin kashi 41 yana da nauyi a kunne fiye da yadda yake a aikace. A wannan binciken, cikin kowace mace 1,000 da aka ɗauka, hoton dijital shi kaɗai ya gano sankara mai yaɗuwa a kusan mata 3, da aka ƙara tomosintesis sai aka gano a kusan 4. Waɗanda aka sake kira kuma sun sauko daga 107 zuwa 91 a cikin 1,000. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma ga macen nan guda da aka ƙara ganowa ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai yana nuna cewa hoton dijital yana kama mafi yawan abin da sabon yake kamawa. Haka kuma, gano ƙarin ƙullutu daban, rage mace-mace daban, shi ya sa aka ƙaddamar da wani babban gwaji mai suna TMIST a Amurka da Kanada don a kwatanta su biyun a ga wanne ya fi rage sankarar da ta yi nisa.

Kada kuma a ɗauki na dijital a matsayin tsohon yayi. Shi ma sai a 2000 aka amince da shi a Amurka, kafin nan da fim ake ɗauka a wanke a ɗakin duhu. Gwajin da aka buga a 2005, wanda ya haɗa mata kusan 50,000, ya nuna ya fi fim gani a wurin matan da ba su kai 50 ba da masu cunkusasshen nono, wato irin su Maman Hafsa.

Malama, ga abin da nake so ki riƙe. Macen da mahaifiyarta ko 'yar'uwarta ta ciki ɗaya ta kamu, haɗarinta ya kai kusan ninki biyu na wadda ba ta da wannan tarihi, kuma likitoci da yawa suna ba da shawarar a fara ɗaukar hoto shekara goma kafin shekarun da 'yar'uwar ta kamu. A lissafin nan tun kina 39 ya dace ki fara. Ba hoto ɗaya za ki yi ki huta ba, abu ne da za ki riƙa maimaitawa, saboda haka ki zaɓi wanda aljihunki zai iya ɗauka duk lokacin da ya zagayo.

Inna_Sawaba:
Ni tambayata daban ce, kuma ku yi haƙuri da ni. A wurin suna na ji ana cewa matsewar nan ita ke fasa ƙullutu ya bazu a jiki, wasu kuma suka ce hasken na'urar shi kansa yana kawo sankara. Idan sabon yana ɗaukar hotuna har 15 ko 25, ashe hasken da zai shiga jiki bai yi yawa ba? 'Yata ta yi ta matsa mini in je, wannan maganar ce ta tsayar da ni.

Injiniya_Suame:
Inna, tambayarki tana kan hanya, kuma ni da nake gyaran waɗannan na'urori zan amsa ɓangaren haske. Hotunan nan 15 ko 25 kowannensu ɗan ƙanƙanin haske ake ba shi, idan aka tara su gaba ɗaya kusan daidai suke da hoto guda na dijital, ko su ɗara shi kaɗan. Cikakken mamogiram na nonuwa biyu yana kai kimanin milisibat 0.4 a ma'aunin hasken da jiki ke sha, wato kwatankwacin abin da jikin kowannenmu yake sha daga ƙasa da duwatsu da sararin sama a cikin mako bakwai ko kusa da haka, ko bai taɓa shiga asibiti ba. Inda hasken yake kusan ninkawa shi ne idan aka ɗauki na dijital daban, aka kuma ɗauki tomosintesis daban a zama guda. Sababbin na'urori sun magance wannan, domin kwamfuta tana iya fitar da shimfiɗaɗɗen hoton daga cikin fallayen ba tare da an sake haska mace ba. Matsewar kuma, ban da raba tsokar don a gani da kyau da hana motsi, tana rage yawan hasken da ake buƙata, domin abin da ya baje ya fi sauƙin ratsawa.

Akwai abin da ba a faɗa ba tukuna wanda ni ya fi damuna. Kalmar dijital a ƙasar nan tana ɗauke da abu biyu. Akwai na'urar da farantinta ke aika hoto kai tsaye zuwa kwamfuta, akwai kuma tsohuwar na'urar fim da aka sa mata kaset, a zare shi a kai wani akwati ya karanta. Dukansu ana kiransu dijital, amma mai kaset ba ta kai ta farkon gani ba, har lardin Ontariyo na Kanada ya cire su daga shirinsa na binciken mata saboda haka. Maman Hafsa, ki tambaye su wace iri ce tasu. Sannan farantin nan ba ya son zafi, ba ya son ɗaukewar wuta da dawowarta da ƙarfi. Na taɓa zuwa wata cibiya a lokacin dumsor, wato lokacin yawan ɗauke wutar lantarki, na tarar da na'ura mai tsada a ɗakin da na'urar sanyaya iska ta mutu tun watanni, ana kuma ci gaba da ɗaukar mutane. Na'urar 3D da ba a awonta a kan kari ba ta kai ta dijital da ake kula da ita ba. Kowace cibiya mai amfani da eksire tana buƙatar lasisin Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Ghana, wadda dokar 2015 ta kafa, kuma ba laifi ba ne mutum ya nemi ganin takardar.

Dakta_Tafo:
Inna, in ƙara a kan bayanin Injiniya: matsewa ba ta fasa sankara, ba ta kuma yaɗa ta. Haka allurar da ake sokawa a ciro ɗan nama don gwaji, ita ma ba ta yaɗa ta. Abin da ya sa mutane suke zargin haka shi ne yawancin masu zuwa mana ciwon ya riga ya yi nisa, sai a ɗauki hoto yau, bayan wata biyu jiki ya rikice, dangi su ce hoton ne. Ki bi maganar 'yarki ki je.

Bintu_Nima:
Ni daga Accra nake, kuma abin da ya same ni bai shafi irin na'urar ba. Na yi wanda ake kira 3D ɗin nan bara a wata cibiya, na biya kuɗi masu yawa. Aka ce in dawo bayan kwana uku, sai da na yi sahu huɗu a trotro, wato motar haya, kafin takardar ta fito bayan mako biyu da rabi. Da na buɗe ambulan a bakin titi na ga an rubuta BI-RADS 0, babu wanda ya zaunar da ni ya ce mini ga ma'anarsa. Na ɗauka sifili yana nufin babu komai, na jefa takardar a cikin akwati. Bayan wata huɗu 'yar ƙanwata mai karatun jinya ta gani, ta ce ai ba a gama binciken ba, ana so in koma a yi mini sikanin. Alhamdu lillahi ƙullin ruwa ne kawai, amma har yau idan na tuna watannin nan huɗu sai gabana ya faɗi.

Mai_Hoto_Bantama:
Yaya Bintu, abin da ya same ki bai kamata ya sami kowa ba, kuma laifin namu ne mu ma'aikata. Bari in bayyana lambobin don kowa ya sani. Sifili yana nufin hoton bai wadatar ba, a dawo a ƙara wani ko a yi sikanin. Lamba 1 babu komai, 2 akwai abu amma ba mai cutarwa ba ne, 3 kusan tabbas ba sankara ba ce amma a sake dubawa bayan wata shida, 4 da 5 kuwa sai an ciro nama an gwada, 6 na wadda aka riga aka tabbatar mata ne. A takardar kuma za ki ga harafi daga a zuwa d, shi ne ma'aunin cunkushewar nono, c da d su ne cunkusassu. A Amurka tun Satumba 2024 doka ta wajabta a sanar da kowace mace wannan. Maman Hafsa, wannan harafin shi zai gaya miki ko a karo na gaba ya dace ki nemi tomosintesis ko a haɗa miki da sikanin.

Jinkirin takarda kuma yana da dalili, ko da yake ba uzuri ba ne. Hoton dijital guda huɗu ne likita zai duba, na tomosintesis kuwa kowane ɗauka yana iya zama falle 50 ko fiye, karanta shi yana cin kusan ninki biyu na lokaci, ga shi likitocin da suka ƙware a karanta hoton nono ba su da yawa a ƙasar nan.

Malam_Sabon_Zango:
Ina neman afuwa da shiga maganar mata, amma akwai ɓangaren da ya shafe mu maza. Sau da dama mace tana son zuwa, mijin ne yake hana ta da sunan kunya ko addini. Ya tabbata a hadisi ingantacce cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta, kuma malamai sun yi bayani cewa buɗe jiki don neman lafiya halal ne gwargwadon buƙata. Abin da ya fi dacewa shi ne mace ta duba mace idan akwai, kuma babu aibi a nemi hakan tun wurin yin rajista. Ni da kaina na kai maiɗakina, na zauna a waje ina jira. Mijin da yake da halin biyan kuɗin hoton ya bar matarsa tana jiran susu, ya sake tunani.

Maman_Hafsa_Aboabo:
Allah ya gafarta Malam, maigidana bai hana ni ba, shi ne ma ya ba ni rabin abin da ke hannuna. Direba ne, kuma motar ta yi wata guda a gareji.

Malam_Sabon_Zango:
Allah ya yi masa albarka ya buɗa masa. Ba da shi nake ba, Malama, ki yafe ni idan maganata ta yi kama da haka.

Magajiyar_Moshi_Zango:
'Ya'yana, ina karanta muhawararku a kan wace na'ura ta fi, zuciyata kuma tana wurin matan da ko ƙofar asibiti ba su taka ba. A gidan da ke jikin namu akwai wata baiwar Allah da ta yi shekara guda tana ɓoye ƙullutu a ƙarƙashin hijabi, ana kawo mata garin magani tana kwaɓawa da man kaɗanya tana shafawa, saboda an ce mata jifa ne kuma idan ta je asibiti za a yanke nonon mijinta ya ƙara aure. Ba mu sani ba sai da wari ya fara fitowa daga ɗakinta. Ranar da muka ɗauke ta a tasi, zanen da ta naɗe ƙirjinta da shi ya manne da gyambon, sai da ruwan ɗumi aka ɓanɓare shi. Ba ta kai azumi ba. Ta bar yara huɗu. Ƙiyasin 2022 ya nuna mata kusan 5,000 ne suke kamuwa da wannan ciwo a Ghana a shekara, fiye da 2,000 suna rasuwa, kuma mafi yawansu sai ciwon ya yi nisa suke zuwa. Dakta Beatrice Wiafe Addai da ƙungiyarta Breast Care International tun 2002 suke bin garuruwa da ƙauyuka daga nan Kumasi suna faɗar wannan magana. Mu a Zango, wadda ta je ta yi kowane irin hoto ta riga ta yi abin da dubbai ba su yi ba.

Dakta_Tafo:
Mma Magajiya, Allah ya jiƙanta. Maganarki ta yi daidai da matsayin Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda a shirinta na 2021 ta sa wa ƙasashe buri uku: a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 na masu ciwon tun yana matakin farko ko na biyu, a kammala bincike cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa, kuma kashi 80 cikin 100 su gama magani ba su yanke a hanya ba. Ba kowace mace ake cire wa nono gaba ɗaya ba. Idan ƙullutun ƙarami ne, sau da yawa shi kaɗai ake cirewa a bi da gashi, wato a ƙona ragowar ciwon da hasken na'ura, kuma ana yin gashin a Ji da asibitin Korle Bu da ke Accra. Amfanin hoton ke nan, ya kama shi tun hannu bai iya jin sa ba, wani lokaci ma tun yana 'yan ɗigo-ɗigo farare kamar garin alli.

Zulai_Tafo_Zango:
Don Allah ni shekaruna 27, ina shayarwa, kuma mako uku ke nan ina jin wani ɗan ƙulli a nonon hagu wanda bai tafi ba. Ni ma 3D ɗin zan nema?

Mai_Hoto_Bantama:
Ƙanwata Zulai, a shekarunki da sikanin ake farawa, domin nonon matashiya, balle mai shayarwa, a cunkushe yake, kuma sikanin ba ya amfani da eksire. Yawancin irin wannan ƙulli ruwan nono ne da ya taru ko wani abu mara cutarwa, amma tunda ya kai mako uku, ki je likita ya taɓa shi a cikin makon nan. Kada ki jira yaye, kada kuma ki daina ba yaron nono.

Umma_Asokore_Mampong:
Na ga kamar an karkata ga na dijital, to bari in faɗi nawa don a ji ɗaya gefen. Ni takardata harafin d take ɗauke da shi. Shekara uku da suka wuce na yi na dijital aka ce babu komai. Da na koma, likitar da ta ga harafin ta ce in yi tomosintesis, a nan aka ga wani wuri da tsokar ta tattare kamar an ja zare a jikin yadi, bai kai girman ƙwayar gyaɗa ba. Aka ciro nama, ya tabbata. Ƙullutun kaɗai aka cire mini, na yi gashi, yanzu ina shan ƙwayar magani kullum ina kuma zuwa aikina. Ba zan iya rantsewa cewa hoton farko ya tsallake shi ba, mai yiwuwa a lokacin bai fito ba. Amma ni dai ba zan koma na dijital shi kaɗai ba, kuma mace mai shekara 44 da yayarta ta kamu, akwai yiwuwar irin nonona gare ta.

Abu_Yusra_Bronx:
Abin da nake nufi ke nan, Umma. Na karɓi gyaran Dakta a kan alƙaluma, na kuma janye maganar jiran wata uku bayan abin da Hajiya da Magajiya suka faɗa. Amma idan matsalar cikon kuɗi ce kawai, Yaya Maman Hafsa, ki ba ni izini in turo wa mai kula da zauren nan cikon ta waya, ki yi 3D ɗin a makon nan.

Injiniya_Suame:
Allah ya saka maka, Abu Yusra. Ni dai har yanzu ina kan bakana: kafin a biya ko sidi ɗaya, a san wace na'ura ce, kuma wa zai karanta hoton.

Maman_Hafsa_Aboabo:
Jama'a, Allah ya bar zumunci. Da safen nan na koma cibiyar da tambayoyinku a rubuce a bayan takardar rasit. Wannan karon na sami ma'aikaciyar da ke ɗaukar hoton da kanta, mace ce. Ta ce na'ura ɗaya ce take yin duka biyun, babu kaset, sai dai likitan da ke karantawa ba ya zaune a wurin, ta intanet ake tura masa, kuma na 3D ya fi daɗewa kafin ya dawo. Ta ba ni ranar Talata, domin ta ce ya fi kyau a yi kamar mako guda bayan fara al'ada, lokacin nono ba ya ciwo. Ƙanena Abu Yusra, na gode da karamcinka, amma sai na shawarci maigidana kafin in amsa maka. Zuciyata ta kasu biyu tsakanin maganar Dakta da ta Umma. Na kuma kira ƙanwarmu da ke Tamale, shekarunta 41, ita ko da hannu ba a taɓa duba ta ba.

Mai_Hoto_Bantama:
Ko wanne kika zaɓa, ranar Talata kada ki shafa turaren hammata, ko hoda, ko alimun, ko mai a ƙirji da hammata, domin wasu daga cikinsu suna fitowa a hoto kamar ɗigon allin da Dakta ya ambata. Ki sa riga da zane maimakon doguwar riga, don sama kaɗai za ki cire. Idan akwai yiwuwar ciki ki faɗa mata kafin a fara. Ki nemi a ba ki hotunan kansu a faifai, ba takarda kaɗai ba, ki adana su, domin da su za a kwatanta na gaba ko da a wata cibiya kika yi. Ki duba ko katin inshorarki bai ƙare ba. Idan yayarki za ta yarda, ki ɗauki hoton takardar gwajin namanta ki kai wa likitan da zai duba sakamakonki.

Hajiya_Asawase:
Ƙanwata, ranar Talata ba ni da fita. Ki gaya mini ƙarfe nawa aka ba ki, in same ki a tashar trotro ta Aboabo mu tafi tare. Inna Sawaba, idan kin shirya ke ma ki fito, sai mu tambaya ko za su sami gurbi su ɗauke ki a ranar.